Kan da Batiste Ya Hana Wuta

Shekara talatin da ɗaya Batiste Llopis yana gina mutum-mutumin da unguwarmu ke ƙonawa a bikin Fallas. Wata goma sha ɗaya yana yankan soso da kwali, ranar sha tara ga Maris wuta ta lashe. Mutum ne da ba ya iya zama. Ko kofi a tsaye yake sha a gidan burodina, yana kaɗa ƙafa.

Daga cikin gumakan kowace unguwa akan kai guda baje koli, mutanen Valencia su kaɗa ƙuri'a, wanda ya ci a yafe masa wuta, a kai shi gidan tarihi. Batiste bai taɓa ci ba.

Bana sai ya sassaƙa wani tsoho a kujerar filin ƙwallo, rediyo manne a kunne, baki buɗe yana zagin alƙalin wasa. Matarsa Remei ta kai masa abincin rana, ta yi turus.

"Wannan ai babanka ne."

"Tsoho ne kawai. Duk kamarsu ɗaya."

"Har da karyayyen haƙorin? Haba Batiste, ni za ka yi wa?"

Duk mun san marigayi Llopis, mahaifin Batiste. Kowace Lahadi yakan ja babban ɗansa su tafi kallon ƙwallo, ya bar Batiste a gida, wai mai zane-zane ba zai gane wasa ba. Bara ya rasu, ba su taɓa zama a filin tare ba. Batiste bai yi kuka wajen jana'iza ba. Ya dai koma shago ya fara wannan fuska, ya yi ta don wuta.

Sai kwamitin unguwa ya ce tsohon nan za a kai baje koli. Batiste ya ce fenti bai bushe ba, ya ce wuyan zai karye a mota. Aka ɗauka aka tafi.

Kullum Batiste yana can wajen baje kolin, yana zagaye bayan 'yan kallo.

"Baiwar Allah, dubi hannun nan, ya fi ɗayan tsawo. Ki zaɓi wancan."

Matar ta share hawaye, ta ce sak kakanta.

Ximo, shugaban kwamiti, ya ja shi gefe. "Kai ne na farko da na ga yana yaƙin neman zaɓe don ya faɗi. Lafiyarka kuwa?"

Tsohon ya zo na biyu, ke nan wuta. Batiste ya saya wa kowa giya, yana dariya har ta yi yawa.

Da safiyar sha tara, ina ɗaga ƙofar gidan burodina, na hango shi a kan tsani da zarto, a dandalin da aka dawo da tsohon cikin sauran gumaka. Ya yanke kan tsohon, ya ɗora wani kai da ya tono a shagonsa, mai jan hanci.

"Batiste, me ke nan?"

"Gyara nake yi, Neus. Je ki duba burodinki."

Wuta ta ci baƙuwar fuska. Wata uku ke nan kan tsohon yana bayan motarsa, a nannaɗe cikin bargo. Remei ta ce ba zai shigo mata gida ba, shi kuma ya kasa kai shi shago. Jiya ya tsaya da motar a ƙofata, bai kashe inji ba, ya ce in miƙo masa kofi ta taga.