Waken da Na Shuka wa Gada

Ni dai an san ni da ƙarin gishiri, ba zan musa ba. Idan na ga ɓera a rumbu, kafin in kai majalisa ya zama gafiya, kafin a sauke shayi ya kai ɗan maraƙi. Shi ya sa ranar da na dawo daga gonarmu ta gindin dutse, can hanyar Roni, na ce na ga gada, babu wanda ya ko ɗago kai. Taubashina, ɗan gwaggona, shi ne ya fara.

"Gada ko? Ta gaishe ka da aiki?"

"Wallahi da idona na gan ta."

"Akuyar mutane ce ta hango tumbinka ta zaci dutsen ne ya taso."

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Baba. Tsohon maharbi ne, amma a lokacin yanar ido ta rufe masa gani, haske da inuwa kawai yake bambancewa. Ya sa aka kira ni zaure, ya ce in faɗa masa yadda ta gudu, kuma in bar gishirin a waje. Na ce ta sunkuyar da kai ne, ta yi nutso cikin sabara kamar mai faɗawa ruwa. Sannan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba: gadar ƙarshe da ya harba a wannan dutsen, da ya zo yanka ta sai ya ga nono yana zuba a hantsarta. Kwana uku yana neman ɗan bai samu ba. Tun daga nan ba a sake ganin gada a wurin ba, shi kuma ya rataye bindiga.

"Ni na ƙarar da su," in ji shi. "In da gaske kake, ina so in taɓa sawunta da hannuna kafin in tafi. Amma kai, maganarka sai an tankaɗe."

To, dutse ba ya riƙe sawu. Dole in jawo ta ƙasa, inda ƙarshen gonarmu yake da rairayi mai laushi. Na yanke shawarar in shuka mata wake, tunda babu dabbar da ke ganin ganyen wake ta wuce.

Na tafi kasuwar Gwiwa neman iri kamar mai neman aure. Na zagaya buhuna sun fi dubu, ko mu ce ashirin. Wani mai awo ya nuna mini wanda ake kira sa-babba-sata. Ina jin sunan na ce a auna. Waken da zai sa babban mutum sata, ina ga gada?

Ya kuwa cika sunansa. Ya nuna da wuri, tun daji yana kore shar, lokacin da gada ba ta da dalilin saukowa. Birai suka zo da iyalansu, zomaye suka yi walima. Wata safiya kuma na tarar da babban da kansa, taubashina, a durƙushe yana cika hula.

"Kai, ɓarawo!"

"Ni? Sunan waken ne ya ja ni. Kai ka shuka, alhakin a wuyanka."

Da na kai wa Baba rahoto, ya yi dariya har da tari. Ya ce na je na tambayi kasuwa, ga shi a zaune ban tambaye shi ba. Ya ce abin da nake nema shi ne kanannaɗo, wake mai nawa, mai yaɗo, wanda ganyensa ke nan kore bayan ruwa ya ɗauke, an yanke gero, ciyawar dutse ta bushe. A lokacin ne yunwa za ta sauko da ita.

Da damina ta zagayo na shuka kanannaɗo shi kaɗai, ba gero ba dawa a tsakani. Na kewaye shi da ƙaya saboda awaki, na bar wata 'yar kafa ta ƙasa a ɓangaren dutse, daidai wadda ƙaramar dabba za ta kurɗa. Na binne tsohon kasko ina zuba ruwa. Na je rugar da ke kusa na roƙi dattijon wurin kada shanunsa su bi ta nan. Ya ce shi ma ya sha ganinta, ba wanda ya tambaye shi ne kawai. Na ce ya zo majalisa ya ba da shaida, ya ce ba zai haɗa sunansa da nawa ba.

Kaka ta yi. Kowa ya tuge harawarsa ya naɗe, an jera a kan soraye da rassan bishiya, tawa tana kwance a ƙasa kamar darduma. Uwargida ta ce awakinta suna kallona da wani irin ido. A gari aka sa mini suna manomin gada. Kullum da la'asar in ɗauki tsintsiyar kaba in share rairayin da ke bakin kafar ya yi sumul, don duk abin da ya taka ya bar shaida. Ku hango ƙato irina a duƙe yana sharar daji. Masu wucewa a kan babur har rage gudu suke.

Da sassafe kuma in zo karatu. Na karanta sawun zabin daji, na fakara, na bushiya, da jan wutsiyar damo. Makonni ina wannan, gada shiru. Baba ya daina tambayata, kuma wannan ya fi tsokanar majalisa yi mini ciwo.

Ran nan bayan sallar asuba na iso, sai ga wani ɗan sawu siriri, mai tsini, ya shiga ta kafar ya fita. Na cire hulata na kifa a kai don kada iska ta share, na hau babur. Ban taɓa gudu irin na ranar ba, na tabbata na wuce inuwata a hanya.

"Baba, ku taso. In ƙarya ce ku aske mini gemu."

Na goyo shi muka dawo. Na riƙe hannunsa har bakin kafar, ya durƙusa, na ɗage hular. Ya sa yatsa biyu a cikin sawun a hankali, kamar mai taɓa goshin jariri.

"Na akuya a buɗe yake, bakinsa a dakushe," ya ce. "Wannan a haɗe yake."

Ya laluba ya sami 'yan ƙwayoyin kashi, ya murje ɗaya, ya shinshina. Hannun ya ci gaba da tafiya a kan rairayi, taki ɗaya, taki biyu, sai ya tsaya cak a kan wani ɗan rami da ni ban ma lura da shi ba, bai kai kan ɗan yatsa ba.

"Kai! Zo nan. Ba ita kaɗai ba ce. Da ɗa take."

Ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya, dasashi a waje, hawaye na bin gemu, yana ta alhamdu lillahi. Ni ma na zauna, muka yi ta yi kamar waɗanda suka sha wani abu.

Da muka tashi tafiya na ɗora shi, na ɗaga ƙafa zan tayar da babur, sai ya buge mini kafaɗa.

"Kada ka soma. Suna nan kusa a kwance, ƙarar nan za ta kore su."

"Baba, titi fa da nisa, ga rairayi."

"Tura."

Haka na turo shi, yana zaune a kai kamar ango, ni ina haki ina zufa, yana tsara mini inda zan ƙara kunyoyi baɗi.