Littafin Zanen Goggo Rakiyya

Idan ka ga hula kube mai kyau a kan wani ɗan kasuwa ranar Alhamis a Maigatari, kada ka yi mamaki in aka ce daga ɗakin Goggo Rakiyya zanenta ya fito. A Gagarawa take, bayan tasha. Ita ba ta ɗinki, idonta ya daina zura allura tun tuni. Zane take fitarwa, mata su ɗinka.

Tana da wani littafi mai bangon fata da ta gada daga mijinta, marigayi Malam Barau, wanda ya yi shekara talatin yana tara zanen huluna a ciki. Littafin nan ba ya fita daga ɗaki. Sau ɗaya aka taɓa ba da aronsa, wani abokin Malam ya tafi da shi Sule Tankarkar, akuya ta cinye shafi biyu. Har yau in Goggo ta tuna zanen da ke shafukan sai ta yi tsaki ta zagi akuyar da iyayenta.

To ga yadda take yi. Mace za ta zo da hantsi ta tsaya bakin taga ta ce zanen idon zabuwa take so. Goggo ta buɗe littafin daidai wurin, ta yago takardar buhun siminti, ta kwafe zanen da biro, ta sa alamar inda jan zare zai bi da inda shuɗi zai bi, ta miƙa ta taga. Shi ke nan. In takardar ta tsufa a hura wuta da ita, a dawo a karɓi sabuwa.

Asama'u, 'yar ƙanenta Haladu, a gabanta ta girma. Bara ta kai shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, aka tura ta gwajin koyarwa wata makarantar 'yan mata. Mai dubawa zai zo ranar Talata ya zauna a bayan aji. In bai gamsu ba, sai ta maimaita gwajin baɗi, abokan karatunta su fita su bar ta. Darasin da ya faɗo mata kuwa shi ne yadda ƙwayoyin jiki ke kwafar saƙon gado daga DNA zuwa RNA don su ƙera furotin. Sau biyu ta gwada shi da 'yan ajin, suna kallonta kamar tana Faransanci.

Ranar Lahadi ta zo ta durƙusa ta gaida Goggo, ta ɗan yi kame-kame, sannan ta ce, "Goggo, aron littafin nan nake so, na yini ɗaya tak."

"Wane littafi?"

"Na Baba Malam. So nake in ɗaga shi a gaban yara in ce musu DNA kamar littafi ne, komai na jikin mutum a rubuce yake a ciki."

"A'a, Malama Ma'u! Tun ba a ba ki takardar ba kin fara aikena? Ɗaga musu naki mai hotunan kwaɗi."

"Haba Goggo, in na faɗi fa?"

"In kin faɗi ki tashi. Faɗa min shafin da kike so in kwafe miki. In na yi kuskure a takarda, hula ɗaya ce ta ɓaci. In wani ya ɗiga wa littafin nan tawada, duk hular da za a yi daga yau har jikokinki da tabon za ta fito."

Asama'u ta buɗe baki za ta yi magiya, sai ta fasa. Ta kalli littafin, ta kalli tagar, ta fashe da dariya har Goggo ta tambaye ta ko lafiya.

"Goggo, wallahi abin da jiki ke yi ke nan! Shi ma ba ya ba da aro."

Ta gyara zama ta shiga yi mata bayani. Ta ce jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kusan kowace da ɗan ɗakinta a tsakiya, a nan DNA ke zaune. In ana bukatar wani furotin, akwai mai kwafa da ke buɗe daidai wurin, ya bi harafi-harafi ya fitar da kwafi, shi ne RNA. Kwafin ne ke fita ta 'yan ƙofofin ɗakin zuwa wurin masu haɗawa, su karanta haruffa uku-uku, kowane uku ya nuna abin da za a jona. In an gama aiki da shi sai ya wargaje.

"Kuma littafi iri ɗaya ne a ko'ina," in ji ta. "A jikin saniya, hantsa tana kwafar shafin abin da ake yin nono da shi, ɓargo yana kwafar na jini."

Goggo ta jinjina kai. "Ikon Allah. Ashe suna da hankali. To su wa ya koya musu?"

Ranar Litinin Goggo ta kwafe mata zane ɗaya sau shida, tana yi tana mitar biron zamani. Talata Asama'u ta shiga aji da takardun da ƙullin zare kala-kala. Mai dubawa, wani dattijo Malam Gwadabe, ya zauna a baya da jakarsa a cinya, fuska ba annuri.

Ta zaunar da ɗaliba ɗaya cikin aji da littafin rajista a rufe, ta ce ita ce mai ɗaki, ba mai taɓa littafinta. Ta fitar da shida waje bakin taga, aka miƙa musu takardun, aka ce kowace ta jera zare yadda alamar ta nuna. 'Yan matan nan rabinsu iyayensu na ɗinkin hula, nan take ajin ya kaure da "Malama ni! Malama ni!" Sai bayan nan ta hau allo ta rubuta haruffa huɗu na DNA, ta nuna musu inda RNA ke sa U a madadin T.

Can Malam Gwadabe ya ɗaga hannu. Bai tambayi Asama'u ba, wata doguwa da ke ɓoye a kusurwa ya nuna, Khairiyya.

"Ke, me ya sa ba za a fito da DNA ɗin kansa a yi aikin da shi ba, a huta?"

Khairiyya ta miƙe tana murza gefen hijabi. "Malam, guda nawa ne? Masu aiki da yawa, kowa na son nasa. Kuma in ya lalace a waje, ina za a samo wani?"

Dattijon ya sunkuya ya yi rubutu mai tsawo. Da aka tashi ya kira Asama'u ya ce ta ci gwajin, amma ta rage sauri in tana magana, ta kuma daina juya wa aji baya.

Kafin la'asar tana gidan Goggo, ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta fara ba da labari. Goggo na jin ta tana tauna goro, ta yi hamdala, ta sa mata albarka. Sannan ta matso.

"Shi malamin naku, wace irin hula ya sa?"

"Ta inji ce, Goggo."

"Allah sarki, bawan Allah. Babba da shi! In kin koma ki auno min kansa."