Sun Yayyanka Rigunanta, Yau Suna Tinƙaho da Ita

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da muka binne yayata Rifkatu. Duk shekara idan watan ya zagayo, nakan je majami'a in yi addu'a, in dawo gida in yi shiru, don ni ba marubuciya ba ce, malamar firamare ce da ta yi ritaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana, wani hoto ne da aka tura a zauren danginmu na waya.

Jikar Goggo Laraba ce a hoton. Goggo Laraba ƙanwar babanmu ce, jikar tata kuwa budurwa ce 'yar jami'a, ta yi bikin zagayowar ranar haihuwarta. Tana sanye da riga ruwan hoda mai buɗaɗɗen siket kamar ƙararrawa, leshi a wuya, leshi a bakin hannu, farar safa har gwiwa, kintinkiri a ka. An ce salon daga Japan ya fito, lolita ake kiransa, manyan mata ne ke yinsa, har da ƙa'idojinsa. Yarinyar ta yi kyau, ba ni da ta cewa a kanta. Abin da ya hana ni cin abinci a ranar shi ne muryar da Goggo ta ɗauka ta tura a ƙarƙashin hoton, tsohuwa ta doshi casa'in, murya na rawa don murna: "Ai wannan gado ne! A gidanmu aka fara shi. Marigayiya Rifkatu ce ta fara kawo shi Kaduna. Jininmu ne!"

Goggo ce fa ke faɗin haka. To, bari in gaya wa masu karatu wace ce Rifkatu, da abin da gidanmu ya yi mata, sannan kowa ya yi hukuncinsa.

A Abakpa muka tashi. Babanmu direba ne a wata ma'aikata, ya rasu muna 'yan mata, Rifkatu ce babba, ita ta ɗauki gidan. Ta koyi buga tafireta, ta samu aiki a wani kamfanin inshora a Doka. A tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da tsadar rayuwa ta sa har ma'aikata suka koma sayen gwanjo, ta ci karo da wata farar riga a cikin tulin kaya a kasuwa. Rigar ta tsufa, ta yage a hammata, amma tattarar da ke jikinta ba mu taɓa ganin irinta ba. Rifkatu ba ta sa rigar nan ba. Warware ta ta yi, ɗinki bayan ɗinki, ta shimfiɗa gutsattsarin a kan tabarma tana kallo, har ta gane yadda aka haɗa ta. Daga nan ta hau tsohon keken ɗinkin mamarmu, kuma tun daga lokacin ba ta ƙara fita da wata irin sutura ba.

Ba ta taɓa jin sunan lolita ba, kuma ban yi zaton ta san inda Japan take a taswira ba. Amma da na karanta ƙa'idojin da 'yan matan yau ke bi, sai na ji kamar ina tsaye a gaban kabad ɗinta na katako. Farar rigar ciki mai kwala har wuya da dogon hannu. Riga ko siket da zai sauka ƙasan gwiwa ya buɗe. Ƙarƙashinsa fatari, wanda ta ce shi ne komai. "Saratu," takan ce da ni, "in fatarin ya kwanta, duk leshin duniya ba zai cece ki ba." Da sabon gidan sauro take ɗinka shi, hawa bisa hawa, ta jiƙa shi a kullun rogo, ta shanya, ta bi shi da dutsen guga na gawayi har ya tsaya da kansa a tsakar ɗaki. A ƙarƙashin fatari kuma akwai wando mai tattara zuwa gwiwa, saboda hawa bas da kuma iska. Sai safa, sai takalmi mai zagayayyen baki da maɗauri, sai kintinkirin ka wanda dole launinsa ya amsa na takalmi, sai 'yar ƙaramar laima da ta yi wa baki da leshi. Launi ba ya wuce biyu ko uku a jikinta. Yadin auduga na masaƙun Kakuri take saye, leshi kuma wajen Alhaji Mamman a babbar kasuwa, wanda yakan ajiye mata ragowar bandir. Shi kaɗai ne a cikin manya na taɓa ji ya ce mata, "Malama Rifkatu, wannan ɗinki ya yi tsari."

Ku lura da kyau: gwiwarta ba ta fita, kafaɗarta ba ta fita, ƙirjinta a rufe har maƙogwaro. A duk layinmu babu macen da ta kai ta rufe jiki. Amma ita ce aka ce ba ta da kamun kai. Masu zaman teburin mai shayi suka sa mata suna Gidan-sauro. Wasu suka ce 'yar tsana. Aka ce wani Bature ne ke ajiye da ita a ɓoye. Da aka nemi Baturen aka rasa, sai aka ce iska ce ta aure ta. Ranar Lahadi idan ta zauna a benci, sai ka ga mata suna matsawa, wai siket ɗinta ya cinye wuri. Goggo Laraba kuwa ba ta taɓa shigowa gidanmu ta fita ba tare da ta ce da mamarmu, "Ki yi wa 'yarki magana, tana zubar mana da mutunci a gari."

Ni kaina abin ya dame ni, don ni ake tsokana a makaranta. Wata rana tana guga na ce, "Yaya, don Allah me ya sa? Atamfa ba ta yi miki kyau ne?" Ta ajiye dutsen gugar ta dube ni. "Tun safe har yamma maganar wasu nake bugawa a tafireta. In na dawo gida, abin da wasu za su ci nake nema. Wannan kaɗai ce tawa, Saratu. Wa na cuta?" 

Da aka kawo sabon manaja a kamfaninsu, bai ce aikinta da gyara ba. Cewa ya yi masu zuwa ofis suna tsayawa kallonta, ko ta sauya sutura ko a ɗauke ta daga gaba. Ta ce ba ta karya dokar kowa ba. Sai aka kwashi teburinta da tafiretarta aka kai ɗakin baya, inda ake jibge karyayyun kujeru, ɗakin da ko taga ba shi da ita. Ta daure na wani lokaci saboda mu. Da na gama makarantar horon malamai na kama aiki, sai ta ajiye nata, ta kama ɗan shago a Unguwar Dosa, ta kai keken ɗinkin can.

Nan ne abin takaicin yake. Kafin a ce haka, duk uwar da ke son 'yarta ta fita kunya ranar Sallah ko ranar Kirsimeti, shagon Rifkatu take nufa. Daga Abakpa, daga Malali, daga Doka. Matan da ke matsawa a benci su ne ke layi da yadi a hannu suna cewa, "Irin taki nake so ki yi mata, mai tashin nan." Goggo ma ta kawo 'ya'yanta, kuma a matsayinta na uwa ba a karɓar mata ko sisi. Wato a jikin 'yar shekara bakwai abin ado ne, a jikin macen da ta ƙirƙiro shi da hannunta kuma hauka ne. Su karɓi ɗinki suna yabo, su fita ƙofar shago suna zunɗen ta.

A ƙarshen shekarun casa'in ciwon ƙoda ya kama ta, ba ta kai arba'in ba. Jikinta ya kumbura, rigunanta suka daina shigarta. Duk da haka ta lallaɓa ta ɗinka guda ta ƙarshe daidai sabon jikin nata, shuɗiya mai duhu da farin leshin auduga. Wata rana da la'asar a asibiti, ni da mamarmu muna zaune, ta ce, "Mama, in abin ya zo, da shuɗiyar nan za ku sa ni. Saratu, kin ji ko? Har da safar." Mama ta ce ta daina irin wannan magana. Ni na ce na ji.

Ranar da za a shirya ta, na kawo rigar a goge. Goggo Laraba ce babba a cikin matan da ke ɗakin. Ta dubi rigar, ta dube ni.

"Mayar da wannan inda kika ɗauko."

"Goggo, ita ta ce. A gaban Mama ta faɗa."

"Za a buɗe akwati jama'a su yi mata kallon ƙarshe. Mutanen ƙauye sun zo, fasto zai tsaya a kanta. Dariyar da aka yi mana tana da rai ta isa."

Na juya wajen Mama, amma Mama tana kwance a ƙasa, ko sunanta ba ta sani ba don kuka. Na ɗaga murya, na rungume rigar na ce sai dai a haɗa da ni. Aka kira 'yan'uwan babanmu maza, suka fitar da ni tsakar gida, suka ce ƙaramar yarinya ba ta ja da manya a gidan makoki. Aka naɗe yayata a wata atamfa da aka ba ta kyauta shekaru da suka wuce, wadda ba ta taɓa ko warwarewa ba. Waɗanda suka leƙa akwatin suka riƙa cewa, "Kai, yau ta fito mace sosai." Da kunnena na ji.

Ba su tsaya nan ba. Bayan mako, ranar da na koma makaranta, mata suka taru rabon kayanta. Goggo ta ce ba mai hankalin da za ta sa waɗannan, kada a yi asarar yadi. Ta sa aka kawo almakashi. Aka ɓare leshi daga jikin riguna, aka yanka siket aka yi rigar filo, fatarin kuma aka raba shi aka riƙa tace gasara da shi. Na dawo na tarar da kabad a buɗe, wayam. Aikin shekara goma sha wani abu, ko guda ban tsira da ita ba. Farin leshin shuɗiyar rigar kuwa, shekaru ina ganinsa a bakin labulen falon Goggo duk ranar da na je gaisuwa.

Shi ya sa da na ji muryar nan a waya, washegari na shirya na tafi wurinta. Na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na ce, "Goggo, kin ce gado ne. Kin manta ranar da aka shirya ta?" Na yi tsammanin za ta musa, ko ta yi kuka. Sai ta kaɗa hannu ta ce, "Haba Saratu, wancan zamani daban ne. Lokacin ai ba mu san abin waje ba ne."

Kun ji. Ba wai ta gane sun cuci mutum ba. A'a, kuskurensu kawai shi ne ba su san akwai wata ƙasa mai nisa da ta sa wa abin hannu ba. Da a jirgi rigar ta zo, da sun tashi sun ba ta wuri a benci. Da yake a Abakpa aka haife ta, a kan keken mamarmu, sai ta zama abin kunya. Wannan hali bai mutu da wancan zamani ba. Har gobe akwai wata a layinku da ake yi wa dariya, wadda za ku yi tinƙaho da ita ranar da baƙi suka yaba irin abin da take yi, in ta kai ranar.

Nakan tambayi kaina me Rifkatu za ta ce da ta ga hoton nan. Na san ba za ta yi fushi irin nawa ba. Za ta karɓi wayar ta kai kusa da ido, ta duba bakin siket ɗin, ta ce leshin roba ne, zai yi wa yarinyar ƙaiƙayi. Za ta tambayi inda aka sayi yadin, kuma ranta zai ɓaci in aka ce mata masaƙun da ta sani sun yi shiru. Sannan za ta aika a kira mata yarinyar, ta koya mata yadda ake tayar da fatari. Fushin, ni ta bar wa.

Rigunan sun tafi, shagon ya zama wurin cajin waya, har na soma zaton ba abin da ya rage nata sai suna a bakin waɗanda ba su cancanci ambatonsa ba. Sai kwanan baya, ina zaune a layin ganin likitan ido, wata mata cikin hijabi, za ta yi shekara arba'in, ta yi ta kallona. Can ta matso ta gaishe ni ta ce, "Mama, don Allah ba ke ce ƙanwar mai ɗinkin Unguwar Dosa ba? Kamarku ɗaya." Na ce ni ce. Ta ce tana ƙarama mahaifiyarta ta kai ta ɗinkin Sallah. Rifkatu ta durƙusa a gabanta da abin awo, ta tambaye ta wane launin kintinkiri take so. Mahaifiyar ta yi caraf ta ce ja. Rifkatu ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ita nake tambaya, ita za ta sa." Matar ta ce a ranar aka fara tambayarta abin da take so a duniya. Ta zaɓi kore. Ta ce har yau ba ta saya wa 'ya'yanta ko ɗankwali sai ta tambaye su.

Na gaya mata Rifkatu ta daɗe da rasuwa. Ta yi mata addu'a irin tasu, na amsa da amin irin tamu. Sannan ta tambaye ni ko ta bar 'ya'ya. Na ce a'a, ba ta yi aure ba.

Matar ta girgiza kai. "Ai kuwa ta bari, Mama," in ji ta. "Muna da yawa."