Na'ibi da Jirgin Ƙanin Matarsa

Da an idar da sallar asuba a unguwar Ruwais ta Jidda, kafin masu shayi su hura wuta, za ka ga Na'ibi ya nufi bakin teku da 'yar guduma a aljihu da tabarma a hammata. Duk jirgin kamun kifin da aka jawo masa gaɓa, sai ya shimfiɗa tabarmar, ya kwanta rigingine a ƙarƙashinsa, ya yi ta ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Mai jirgi na tsaye yana ta zuba yabon kayansa, shi kuwa ko kai ba ya ɗagawa. Haka yake tun da ya ƙetaro daga Bur Sudan yana saurayi, zamanin da jiragen masunta duk na katako ne. Bana ya ce ya ajiye aiki. Kunnensa na hagu ya yi nauyi, kuma a cewarsa wanda bai taɓa yarda da jirgin kowa ba, bai ga dalilin da zai yarda da tsohon kunne ba. Shi ya sa na ga ya dace a yi masa jinjina yana raye, yana ji ko da da kunne ɗaya ne.

Gaskiya ba kowa ke son sa ba a bakin tekun nan. Masu sayar da tsofaffin jirage suna ce masa mai mugun zato. In ya ga sabon fenti sai ya tambayi abin da aka rufe. In aka ce masa mai jirgi na sauri ne, sai ya tambayi abin da ke korarsa. Wanda ya fi kowa ba da labarinsa shi ne Ubale, kuma shi ma da zargi ya fara.

Ubale direba ne a wani gida a Abhur, can bakin ruwa a arewacin Jidda. A shekarun baya ya gaji da jiran maigida a cikin mota, ya shawo kan kafilinsa, wato maigidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya yarda a yi masa takardun jirgi, ya tattara duk abin da ya tara don ya koma kamun kifi. A lokacin jiragen alminiyom da na faiba, wata irin roba mai tauri, sun fara shigowa Jidda, masu gidajen bakin ruwa suna saye suna gajiya da su suna sayarwa. Biyu ya samu. Ɗaya na alminiyom ne, fari tas, sabon fenti, marar nauyi har mutum biyu kan ja shi gaɓa. Ɗayan na faiba ne, ya koɗe, ya yi tabo, ga nauyi. Zuciyar Ubale tana kan farin.

Matarsa Jamilatu ce ta fara jefa masa shakka. Ta ce, "Ka san mai farin nan, Bawa, ƙanin Mastura ne, matar Na'ibi? Ka kai wa mutum jirgin ƙanin matarsa ka ce ya faɗa maka aibinsa?"

Ubale ya rasa wani mai dubawa, dole ya je. Amma ya ƙudurta a ransa duk abin da tsohon ya yaba, ɗayan zai saya. Ya tsaya yana lura da idon Na'ibi da na Bawa, ko zai kama wata inkiya tsakaninsu.

Na'ibi ya zagaya farin jirgin, ya shafa cikinsa, ya shinshina yatsunsa. Ya ce, "Bawa, yaushe ka yi fentin nan?"

"Kwanan baya, Yaya. Gyara ne kawai."

"A ɗora shi a kan gungume, a cika shi da ruwa."

Bawa ya yi dariya, ya ce ai jirgi ruwa ake sa shi, ba shi ake zuba wa ruwa ba. Na'ibi bai yi dariyar ba. Masunta suka kama, aka yi ta kwaso ruwan teku da bokiti ana zubawa. Shi kuwa ya kwanta a ƙarƙashi yana kallo. Ba a daɗe ba ɗigo ya fara sauka a kan rigarsa, daga layin ƙusoshin da suka haɗa cikin jirgin. Ya zaro wuƙa ya kankare fentin, sai ga wani farin gari kamar gishiri, ga ƙananan ramuka an cike su da ma'ajun, wato ƙullin da ake toshe rami da shi. Wani ya taɓa ɗaure wurin da ƙusoshin tagulla, ruwan gishiri ya shiga tsakani ya yi ta cin alminiyom ɗin.

Bawa ya rage murya. "Yaya Na'ibi, a gaban baƙo?"

"Ka san da wannan?"

"Ni ma haka aka sayar mini."

"Shi ne za ka miƙa wa wani ya shiga da shi teku?"

Bawa ya ɗauki takalmansa ya tafi, ko sallama babu.

Kana tsammanin hankalin Ubale ya kwanta? Ko kaɗan. Yana tafe gida yana saƙawa: wa ya sani ko shiri ne? Wataƙila mai na faiban ne ya yi wa tsohon alkawarin wani abu, aka yi wannan wasan don a tura shi can. Da wannan zargin ya kwana, da shi ya bi Na'ibi washegari wurin Abdulghani, mai na faiba, haifaffen Jidda wanda Hausarsa rabi Larabci ce.

"Me ya sa za ka sayar?" in ji Na'ibi.

"Wallahi ya ammi, bayana ne. Ba na iya jan sa."

"Kowa da bayansa yake fakewa."

Ya kwanta ya bi cikin jirgin da guduma daga gaba zuwa baya. Ko'ina ƙarar tana fita rau, sai da ya zo bangon baya, inda ake rataye inji, ta koma dum kamar an bugi kabewa. Ya ce zai huda. Abdulghani ya ɓata rai, ya yi gunaguni da Larabci, daga baya ya ce, "Yalla, huda." Garin katakon da ya fito baƙi ne, jiƙe, yana wari. Katakon da ke cikin faiban ya sha ruwa ya ruɓe. Da an ɗora masa babban inji an ci karo da igiya, bangon na iya ɓallewa da injin gaba ɗaya.

A nan ne Ubale ya daina neman inkiya. Tsohon bai bar wa kowa mafaka ba. Ubale ya ce a sanyaye, "To Baba, wanne zan saya?"

"Ba ni zan shiga ba. Ina za ka yi kamun?"

"Bayan duwatsun murjani, inda manyan kifi suke."

"Ka iya iyo?"

Ubale ya girgiza kai.

Na'ibi ya zauna a kan tabarmarsa ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce da na Bawa lafiyayye ne, kuma a cikin mashigin Abhur zai tsaya inda ruwa ke kwance, da alminiyom zai ce ya ɗauka: ba nauyi, ba ya shan mai, in ya daki dutse lotsewa yake yi ba tsagewa ba. Amma a buɗaɗɗen teku igiya na wasa da shi, rana ta mai da shi kasko, ko ƙugiya ka yar a ciki kifi ya ji ya gudu, kuma mai walda irin tasa a garin nan sai an tona. Na faiba kuwa nauyinsa ne ke zaunar da shi a kan igiya, ba ƙara, gishiri ba ya cin sa, sai dai yana ɓoye ciwo a cikin katako. Ya ce, "Duk biyun ba su da lafiya. Amma ciwon wannan na ga iyakarsa, zan iya yanke shi in sa sabo. Na wancan ya bi jiki, ka toshe nan ya ɓulla can."

Ubale ya ɗauki na faiba. Na'ibi ya fafe ruɓaɓɓen katakon, ya sa sabo, ya lulluɓe shi, bai bar jirgin ya taɓa ruwa ba sai da ya hau kan bangon da ƙafafunsa ya yi ta tsalle. A jirgin nan Ubale ya ciyar da gidansa, kuma har yau yana fita da shi.

Kai ne, Na'ibi, ka biya kuɗin wannan gaskiya, ba Ubale ba. Bawa ya ɗauke ƙafa daga gidanka. A wurin suna da ɗaurin aure dangin matarka suka riƙa zama nesa da kai, ana cewa ka tozarta naka saboda bare. Mastura ta yi kuka, ta roƙe ka ko shiru ne ka yi in wani ya zo saye. Ka ce mata, "In ya nutse da ɗan wani, ni da ke za mu je ta'aziyya, da wace fuska?" Duk wanda ya zo tambayarka game da farin jirgin nan, abin da ka gani ka faɗa masa. A ƙarshe jirgin ya ƙare a bayan gidan Bawa a unguwar Nuzla, ana zuba wa tumaki dusa a ciki.

Shekaru suka shuɗe ba magana. Sai bara, wata safiya Na'ibi yana kwance ƙarƙashin wani jirgi, ya ga ƙafafun mutum sun tsaya a gefensa sun ƙi gusawa. Ya leƙo, sai ga Bawa, gemu ya yi fari. Bai ambaci abin da ya wuce ba. Ya ce, "Yaya, Husaini ɗana zai sayi jirgi. Na ce masa kada ya kuskura ya amsa wa kowa sai ka gani."

Na'ibi ya ce, "Ko da na abokinka ne?"

"Ko da nawa ne."

Halas, shi ke nan, a nan gabar ta mutu.

Mun gode, Na'ibi na Mastura, wanda fenti bai taɓa ruɗa ba. Akwai maza da yawa a Ruwais da ke komawa gida da yamma suna warin kifi, 'ya'yansu na rige-rigen karɓar kwando, ba su san cewa mugun zatonka ne ya dawo musu da uba ba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka hutu mai daɗi, Ya bar maka kunnen da ya rage. Ku kuma da za ku gaji tabarmar nan, duk ranar da aka kawo muku jirgin ɗan'uwanku, ku kwanta ƙarƙashinsa ku duba kamar ɗanku ne zai shiga.