Maki Ɗaya Ya Rage Mini a Permi

Tun shekarar da kuɗin ero ya kori faran nake bin hanyar Paris zuwa Lyon, na haddace wurin kowane radar, na'urar kama masu gudu. Amma bana sau biyu suna kama ni. Maki ɗaya ya rage a permina, wato lasisin tuƙina.

Yau ɗiyata Hadiza ta saka mini gargaɗin radar a GPS ɗin mota. Sai ya nuna radar bayan wata gada a hanyar.

Na ce, "Ƙarya yake, bayan gadar nan ba komai."

Ta ce, "Baba, nan ne fa aka ɗauki hotonka."



In aka ƙwace permin, wa zai riƙa kai uwarta asibiti? Ku da kuka saba da abin nan, yana kuskure kuwa?

Jibi sunan jikana a Lyon. Gobe bayan asuba zan kama hanya. In GPS ɗin ya yi ƙara zan taka birki, ko ban yarda da shi ba.