Ba Su San Fuskarki Ba, Zouhoura

Ranar Talata, 14 ga watan Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, da hantsi, Mai abu Ya karɓi abinSa. Zouhoura 'yar Malam Hamissou ta Tasawa, wadda mutanenmu na Sabha suka sani a waya da sunan Mai Tuwon Samid, ta rasu a ɗakinmu na unguwar Jadid, bayan ciwon ƙirjin da sanyin bana ya tayar mata. Daga Allah muka fito, kuma can za mu koma. Ni ce Ɗijatu, abokiyar zamanta, ni na rufe mata ido.

Yaya Zouhoura, wayarki tana hannuna, kuma har yanzu ba ta daina ƙara ba.

Ban manta ranar da Siradji, mai tsohuwar motar da ke kai miki kaya gidajen mutane, ya tsince ni a bakin kasuwa ya kawo ni wurinki ba. Na fito da niyyar wucewa arewa, guzuri ya ƙare mini a Sabha. Ba ki tambayi abin da ya raba ni da gida ba. Ƙafata kika kalla, kika ce in je in wanke ta kafin in ɓata miki tabarma, sannan kika tura mini kwanon tuwo. Faɗa a baki, abinci a hannu, haka kike har kika koma ga Allah.

Mijinki ya wuce arewa tuntuni, shiru kake ji. Ya bar ki ba iƙama, wato takardar zama, a garin da kowace fita sai an bi ta shingen masu bincike. Sai kika zauna a ɗaki kina sayar da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji da direbobin Agadas ke kawowa. Kin ba ni labarin yadda da farko kike bin mutane da saƙo kina tura musu hotunan kaya, ba mai kula ki, har abin ya koma miki kamar roƙo. Wata rana wani lebura ya yi miki ƙorafi cewa samid, garin alkamar nan na Larabawa, ba ya tuƙuwa, sai gudaji. Kika jingina waya a jikin bulo, kika ɗauki bidiyo kina koya masa. Tukunya, muciya, hannuwanki da muryarki, su ke nan. Fuska kuwa kin ɓoye ta don tsoro. Sai can ƙarshe kika ce wanda ke son kayan miyar gida, ga lambarki.

Bidiyon nan ya yi tafiyar da ke ba ki isa ki yi ba. Daga waya zuwa waya ya shiga ɗakunan magina a unguwar Hajara, ya kai gonakin wajen Tamanhint. Tun daga lokacin ba ki sake neman kowa ba, su ke neman ki. Kikan miƙe ƙafa ki ce, “Ɗijatu, ni kasuwa ce ke zuwa ta gaishe ni a kan tabarma.” Na sha ganin kin bar kayanki suna jira, kina waya kina lallashin wani ƙato da ya ƙona tuwo, kina yi masa tsiya har sai ya yi dariya. Baƙon da ya ce jiya ya iso kuwa, ƙullinsa ya fi na kowa nauyi, kuma ba ki yarda a gaya masa dalili.

Amma ni da nake kwana nake tashi da ke, na ga abin da ba su gani ba. Ɗanki Farouk yana Tasawa wurin Inna, mahaifiyarki, kin bar shi ko wando bai iya ɗaurawa ba. Kowace shekara sai ki jawo jakarki ki kakkaɓe, ki ce bana za ki tafi, bari dai ki sallami waɗannan kiliya, masu sayen kayanki, da suka yi magana. Ina za su ƙare? Ba ke kika kira su ba, balle ki daina kira. Kina wanka kiransu na shigowa, kina sallah kiransu na shigowa. Kuma abin da ake ci a gidanku na Tasawa daga ɗakin nan yake fita. Mun yi faɗa a kan haka ba sau ɗaya ba. Na ce ki goge bidiyon ki kama hanya, kika ce in goge, in ga abin da Inna za ta ɗora a murhu. Da ciwo ya kama ki, na roƙe ki mu fita a duba ki, kika ce idan aka riƙe ki a shinge wa zai amsa waya. Na ji haushinki a ranar, har yanzu ma ina ji.

Ranar da kika rasu, Siradji ya je mahaɗar da leburori ke jiran aiki, ya ce wata 'yar ƙasarmu ta rasu, a taimaka. Bai faɗi ko wace ce ba. 'Yan kaɗan suka bar layi suka zo, suka sallace ki, suka kai ki makwancinki. Bayan la'asar saƙon murya ya shigo wayarki. Wani ne yake cewa: “Hajiya, a yi haƙuri ban kira da wuri ba, jana'izar wata baiwar Allah muka je, baƙuwa ce, ba ta da kowa. Ki sa ta a addu'a. A ɗaura mini daddawa kamar kullum.”

Na saurari saƙon nan har na haddace shi.

Siradji ya ce da ni, “Ƙanwata, ki yi shiru. Ba wanda ya san fuskarta. Ki riƙa amsawa a rubuce, a ci gaba.” Ba mugunta ce ta sa shi ba. A nan yake ci, a nan nake ci, a nan Inna da Farouk suke ci, ni ma kuma ba ni da takarda, ba ni da inda zan nufa. Idan na faɗa, wataƙila mutane su watse, domin muryarki suke bi, ba kukar ba. Idan na yi shiru, na zama ke a cikin ɗakin nan har ranar da za a nemo mini masu ɗauka a mahaɗa, ke kuma ki kwanta ba addu'ar mutanen da suka ƙaunace ki. Wannan na biyun ne zuciyata ta ƙi ɗauka. Shi ya sa na rubuta wannan, zan tura shi ga duk lambar da ke cikin wayarki.

Ku da kuka koyi tuƙa samid a hannunta, Mai Tuwon Samid ta rasu, sunanta Zouhoura. Kai kuma bawan Allah mai saƙon la'asar, wadda ka ɗauka a kafaɗarka ita ce Hajiyar da ka ce ta yi addu'a, kuma tana da kowa. Daddawarka na ɗaure ta, Siradji zai kawo maka. Bidiyon na nan, hannuna ya kasa goge shi. Wanda ya kira gobe, ni zai samu a kan tabarmar, sunana Ɗijatu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna a Tasawa, da dukan zuriyar Malam Hamissou, da Farouk, wanda shi ma muryarta ya fi sani. Jakarta tana ajiye, direban farko da na yarda da shi zai kawo muku. Rigunan da ke ciki duk sun yi maka kaɗan, Farouk, amma ka karɓa, kowace shekara ɗaya take ƙarawa.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya Zouhoura, Ya yafe miki kurakuranki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Ya saka miki da kowace loma da baƙo ya ci ta dalilinki. Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya nuna wa mu da muka rage hanyar gida. Ke da kika yi shekaru a ɗaki ɗaya, Allah Ya yalwata miki kabarinki, Ya shigar da ke ta ƙofar da ba a tambayar iƙama. Amin.