Bai san ina jin Hausa ba

Jama'a, yau an zage ni da harshen uwata, a gabana, ana yi mini murmushi.

Kun tuna keken ɗinkin da na ba da arbun ɗinsa, wato kafin alƙalami, wata biyu da suka wuce? Rabin kuɗin na ba wani ɗan kasuwa a Omdurman, nan Sudan. Kullum "bukra, bukra", wato gobe, gobe, wai kaya na hanya. Ga ɗinkin mutane jibge a ɗakina.

Yau na taso daga unguwarmu Sahafa na same shi a shago. Tun farko da Larabci muke magana, bai taɓa tambayar asalina ba. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo shayi. Sai ya juya wajen ƙaninsa da Hausa tsantsa: "Lallaɓa mini wannan sakaryar. Keken ai na sayar tun makon jiya."

Na ajiye kofin. Na ce, "Sakaryar tana jinka, Alhaji."

Ƙanin ya sulale. Shi kuwa ya dafe ƙirji: "Subhanallahi! Ashe 'yar gida ce? Wallahi Hajiya, da na san tamu ce da ban yi miki haka ba."

Kun ji fa. Wato da bare ce, halal.

Nan take ya turo mini kuɗina ta waya, cif, yana roƙon a rufa asiri, wai duk ɗaya muke.

Ina fita na zarce wajen 'yan sanda na shigar da balag, wato ƙara. Wadda za ta zauna a kujerar nan gobe, ba lallai ta ji Hausa ba.